Harshen Takarda: Tarihin Karatun Manya da Zama Ɗan Ƙasa a Garwa da Arewacin Kamaru

Yau za mu waiwayi wani ɓangare na tarihinmu da ba a cika zama a tattauna shi ba, wato yadda manya, magidanta da matan aure, suka riƙa komawa gaban allo domin koyon karatu da harshen hukuma a wannan ƙasa tamu, da kuma yadda wannan karatu ya ɗaure da batun wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo. Mu Hausawan Garwa da Marwa da Ngaundere mun san nauyin wannan magana fiye da kowa. Akwai gidajen da suka binne kakanni huɗu ko biyar a wannan ƙasa, amma har gobe idan ɗansu ya je neman katin ɗan ƙasa, sunansa kaɗai kan sa a ɗaga kai a tambaye shi daga ina iyayensa suka zo. Amsar da hukuma take karɓa ita ce wadda take rubuce, kuma harshen da ake rubuta ta ya canza har sau uku cikin shekara ɗari da 'yan kai. Duk lokacin da ya canza, sai an wayi gari malami ya koma ɗalibi, ɗan gari ya koma kamar baƙo.

Zuwan kakanni da alƙalaminsu

Kakanninmu ba su shigo Fombina da jahilci ba. Bayan da Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a farkon ƙarni na 19, ya kuma kafa Yola a 1841, ƙasar da ke tsakanin Binuwai da tuddan Adamawa ta buɗe wa fatake da masu sana'a. Daga Kano da Katsina da Zazzau da Sakkwato aka riƙa kwararowa: masu fataucin hauren giwa da goro, marina, maɗinka, mahauta, dukawa, wanzamai, da malamai masu allo da tawada. Barebari ma sun zo ta tasu hanyar. Shi ya sa har yau a Garwa muke da unguwar Hausare kusa da Fulɓere da Kolere, kowace tana faɗin asalin waɗanda suka fara kafa ta. Haka abin yake a Ngaundere da Tibati da Banyo, inda zangon fatake ya zama unguwa, unguwa ta zama gida.

A wancan zamani harshen takarda Larabci ne. Da shi lamido yake aika wasiƙa Yola, da shi alƙali yake rubuta hukunci da rabon gado. Ajami kuwa shi ne na harkar yau da kullum, na lissafin bashi, da saƙon ɗan kasuwa zuwa ga maigidansa, da waƙoƙin wa'azi na Hausa da Fulatanci. Baƙon da ya iso da karatunsa ba ya daɗewa a bakin ƙofa, domin fada tana bukatar magatakarda, unguwa tana bukatar liman. Karatun manya ma yana nan da tsarinsa. Magidanci yakan zauna a zauren malami bayan asuba ko bayan la'asar ya ɗauki darasi a littafin fiƙihu, ba a tambayarsa shekarunsa. A ɓangaren mata kuma, daular da Fombina take ƙarƙashinta ta san tsarin 'Yan Taru na Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, inda jajis suke ɗaukar karatu su kai wa matan aure har ƙauyukansu. Karin maganar nan da ke cewa gemu ba ya hana ilimi ta girmi duk wani shirin gwamnati.

Abin da baƙo ya wajaba ya koya a lokacin shi ne Fulatanci, harshen fada da kasuwa. Babu aji, babu jarrabawa. A rumfar kasuwa da gidan surukai aka koye shi, kuma da yawa daga cikinmu yau sun fi sakin baki da shi a kan Hausar kanta. Zama ɗan gari kuwa a hannun lamido yake: ka yi mubaya'a, a ba ka fili, ka biya abin da ake biya, sarkin Hausawa ya tsaya maka.

Har a kudu alƙalamin fatake ya bar sawu. Sarki Njoya na Bamun, wanda ya ƙirƙiro rubutun harshensa a ƙarshen ƙarni na 19 ya kuma buɗe makarantun koyar da shi a Fumban, ya yi cuɗanya da Hausawa da Fulani masu littattafan Larabci, kuma wannan cuɗanya tana cikin abubuwan da suka nuna masa ƙarfin rubutu.

Jamus da canji na farko

Jamusawa sun kafa ikonsu a gaɓar teku a 1884, amma sai a 1901 suka ci Garwa da yaƙi, suka bi da Marwa a farkon 1902. Da yake ba su da yawa, sai suka bar lamidai a kan karagarsu, suka ci gaba da karɓar wasiƙun Larabci. Hausa ma ta yi musu amfani ƙwarai, domin akwai Hausawa a cikin sojojinsu da 'yan dakonsu da tafintocinsu. A 1906 suka buɗe makarantar gwamnati a Garwa, ɗaya daga cikin 'yan ƙalilan da suka gina a duk faɗin Kamaru. Ta yara ce, musamman 'ya'yan manya da ake so su zama akawuna. Babban mutum da ke son ya ji abin da Bajamushe yake faɗa sai dai ya bi tafinta.

Nan ne aka fara ganin wani sabon mutum a tsakanin talaka da hukuma, wato tafinta, wanda abin da ya faɗa shi ne Bature ya ji, abin da ya ɓoye kuma ya ɓoyu. Zamanin bai yi tsawo ba. A watan Yuni na 1915 sojojin Ingila da Faransa suka karɓe Garwa, a Fabrairun 1916 kuma dutsen Mora ya miƙa wuya. 'Yan tsirarun da suka sha wahalar koyon Jamusanci suka wayi gari da harshen da babu ofishin da ke karɓarsa.

Faransa da ma'anar jahili

Da aka raba Kamaru tsakanin Faransa da Ingila, Garwa da Marwa da Ngaundere suka faɗa hannun Faransa, Yola da Mubi da Dikwa suna hannun Ingila. Fombina ɗaya ta ci gaba da zama a rabe gida biyu, dangi ɗaya suka zama masu harshen hukuma biyu. Manufar Faransa a fili take: makarantar gwamnati da Faransanci kaɗai take koyarwa, kuma taron Barazabil na 1944 ya sake jaddada haka. Akwai azuzuwan yamma na manya a wasu garuruwa, amma masu zuwansu galibi masinjoji ne da 'yan sanda da ma'aikatan kamfanoni, waɗanda abincinsu ya rataya a kan harshen.

Iyayenmu da yawa sun ja baya daga wannan makaranta, kuma suna da dalilansu. Sun ga cewa a wurare da dama boko da mishan tare suke tafiya. Mishan na Amurka da na Norwe sun kafu a Adamawa a shekarun 1920, na Katolika kuma suka bazu a arewa daga 1946, suna koyar da karatu a tsakanin al'ummomin da ba Musulmi ba. Ga kuma lissafin ɗan kasuwa: yaron da ya iya awo da ciniki yana kawo riba tun yana ɗan shekara goma sha biyu, na lakwal kuwa sai an jira shi shekaru. A lokacin lissafin ya yi daidai. Tashar jiragen ruwa ta Garwa tana cika da kaya duk damina idan Binuwai ta kawo, gyaɗa da auduga da fatu suna sauka, gishiri da atamfa suna hawowa, kuma mai jari ba ya bukatar Faransanci kafin ya ci riba. Abin da lissafin bai hango ba shi ne ranar da mulki zai koma hannun waɗanda suka yi lakwal ɗin.

A wannan zamani ne kalmar jahili ta sami sabuwar ma'ana a bakin hukuma. Malamin da ya haddace Alƙur'ani, yake karanta Risala da Muhtasar, idan ya shiga ofis sai a miƙo masa tawada ya dangwala yatsa kamar wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba. Sai dai akwai wani abu da ya kamata mu riƙe. Bayan yaƙin duniya na biyu, da aka soke dokar nan ta hukunta talaka ba tare da shari'a ba a 1946, aka kuma fara zaɓen wakilai, ba kowa aka bai wa ƙuri'a ba. An jera rukunin mutanen da suka cancanta, irin su sarakuna da ma'aikata da tsofaffin sojoji da masu lasin kasuwanci, sannan wata doka ta 1947 ta ƙara da duk wanda ya iya karatu da Faransanci ko da Larabci. Ke nan akwai lokacin da karatun zaure ya zama ƙofar jefa ƙuri'a a ƙasar nan. Sai a 1956 aka buɗe zaɓe ga kowane baligi, mace da namiji.

Ɗan Garwa da ya fi kowa cin moriyar lakwal shi ne Ahmadu Ahijo. An haife shi a 1924, ya yi karatun allo, ya yi firamare a Garwa, ya wuce babbar makarantar Yawunde, ya kama aiki a gidan waya yana sarrafa na'urar aika saƙo. Daga nan ya shiga majalisa, ya zama firaminista a Fabrairun 1958, ya zama shugaban ƙasa a 1960. Tarihinsa kaɗai ya isa ya nuna wa mutanen arewa inda iko ya koma.

Abin da ake yi a tsallaken iyaka

A daidai wannan lokaci 'yan uwanmu na ɓangaren Ingila suna kan wata hanya dabam. Tun 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo take fitowa daga Zariya, Abubakar Imam yana editanta. A farkon shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, wanda Malam Ahmadu Kumasi yake cikin manyan jagororinsa, aka kuma kafa hukumar NORLA domin buga ƙananan littattafai masu araha da Hausa da Fulatanci da Kanuri da wasu harsuna. Dabarar mai sauƙi ce: a koya wa babba karatu da harshen da yake mafarki da shi, sannan a ba shi abin karantawa da ya shafi gonarsa da lafiyarsa da harajinsa. Manomi yakan iya haɗa baƙi cikin 'yan watanni, ya karanta rasit ɗin harajinsa da kansa.

Bambancin ya fito sarai. Mutumin Yola yana hawa tsani ɗaya, wato koyon haruffa. Mutumin Garwa kuwa tsani biyu aka jingina masa a lokaci guda, haruffa da baƙon harshe. Littattafan Zariya sun riƙa ƙetaro iyaka a cikin kayan 'yan kasuwa, kuma akwai dattawanmu da suka koyi bokon Hausa ta wannan hanya ba tare da sun taka ƙofar aji ba. Rediyo ma ya taimaka: sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Garwa kuma ya daɗe yana watsa shirye-shirye da Fulatanci da Hausa. Kunne ya waye da labarin duniya tun kafin ido ya waye da takarda.

Sai ga ƙuri'ar raba gardama ta 11 ga Fabrairu 1961. Arewacin Kamaru ta Ingila ya zaɓi Nijeriya da kusan kashi 60 cikin ɗari, kudancinta ya zaɓi haɗewa da Jamhuriyar Kamaru. Ahijo ya ji zafin rasa arewacin har ya ayyana ranar makoki. A gare mu sakamakon biyu ne. Na farko, iyakar da ta raba mu da Mubi da Yola ta tabbata. Na biyu, daga 1 ga Oktoba 1961 ƙasarmu ta zama mai harshen hukuma biyu, Faransanci da Ingilishi.

Makarantar ƙarƙashin bishiya

Sabuwar gwamnati ta gaji al'ummar da mafi yawan manyanta ba sa karanta harshen da ake mulkinsu da shi, kuma arewa ce ta fi nisa a baya. A farkon shekarun 1960 aka ƙaddamar da gangamin koyar da manya wanda aka sani da makarantar ƙarƙashin bishiya. Sunan ya faɗi yadda abin yake: ba a jira gini ba, inuwar ɗorawa ko ta maina ta isa, a jingina baƙin allo, malamin firamare ko ɗan sakandare ko ma'aikacin gwamnati ya ba da lokacinsa da yamma. Ana koyar da karatu da rubutu da lissafi, ana haɗawa da tarbiyyar zama ɗan ƙasa, wato sanin tuta da taken ƙasa da sunayen hukumomi da haƙƙin da ke kan kowa.

Gangamin ya tara jama'a a farkonsa, kuma akwai waɗanda a nan suka fara rubuta sunansu. Amma ya yi rauni ta wajen harshe. Gwamnatin Ahijo tana tsoron duk abin da zai farkar da ƙabilanci a ƙasa mai harsuna fiye da ɗari biyu, don haka ta tsaya a kan harsunan hukuma. Dattijon da ya yini a kasuwa sai ya zo ya zauna yana maimaita kalmomin da ba ya ji a gida, ba ya ji a masallaci, ba ya ji a wurin ciniki. Abin da aka koya da rani, damina takan wanke shi. Ga masu koyarwa 'yan sa kai ne, ga babu littattafan da mai sabon karatu zai ci gaba da su. Matan aure na gidajen kulle kuwa, inuwar bishiyar dandali ba wurin zamansu ba ce, kuma ba a yi tanadin kai musu karatun cikin gida ba yadda jajis suka yi a ƙarnin da ya gabata. Sannu a hankali gangamin ya lafa.

A cikin shekarun nan ne kuma Musulmin ƙasar suka nemi tasu mafita. An kafa Ƙungiyar Al'adun Musulunci ta Kamaru a shekarun 1960, makarantun Faransanci da Larabci suka fara yaɗuwa, inda yaro yake samun harshen hukuma ba tare da ya rabu da karatun addini ba. Wannan ya sassauta zuciyar iyaye da yawa, sai dai ya gyara gobe ne, bai taɓa manyan da suka riga suka wuce shekarun aji ba.

Dokar 1968 da nauyin takarda

A ranar 11 ga Yuni 1968 aka kafa dokar zama ɗan ƙasar Kamaru, kuma ya kamata kowane gida a cikinmu ya san abin da ta ƙunsa. Asalinta jini ne: ɗan da ɗan Kamaru ya haifa ɗan Kamaru ne. Ta kuma tanadi cewa wanda aka haifa a Kamaru, iyayensa baƙi ne amma ɗayansu shi ma a Kamaru aka haife shi, ɗan ƙasa ne. Baƙon da ya zo da girmansa yana iya neman a ba shi ƙasa bayan zaman shekara biyar a jere, idan an shaide shi da halin kirki, kuma da dokar shugaban ƙasa ake bayarwa. Dokar ba ta yarda babba ya riƙe ƙasa biyu ba.

Idan aka auna da wannan ma'auni, mafi yawan Hausawan arewacin Kamaru 'yan ƙasa ne tun daga tushe, domin kakanninsu suna nan kafin a ja iyakar kanta. Matsalar tana wajen hujja. Kotu ce take ba da takardar shaidar zama ɗan ƙasa, kuma takardar haihuwa take nema. Wanda aka haifa a ɗaki, ungozoma ta yanke cibiya, aka raɗa suna ranar bakwai, liman ya shafa fatiha, unguwa duka ta shaida, amma ba a je ofishin magajin gari ba, a idon doka kamar ba a haife shi ba ne. Dokar rajistar haihuwa ta 1981, da gyaran da aka yi mata a 2011, ta ba da wa'adin kwana casa'in, wanda ya makara ƙwarai kuma sai ya bi ta kotu da shaidu da kuɗi da zirga-zirga. Uban da ba ya karatu bai san da wa'adin ba, sai ranar da aka ce ɗansa ba zai zauna jarrabawar gama firamare ba don ba shi da takarda. Ta haka rashin karatun uba yake zama rashin karatun ɗa, rashin takardar ɗa kuma ya zama shakka a kan jika.

Wani abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne yadda sunan Hausa yake da ma'ana biyu a ƙasar nan. A Yawunde da Duwala, a unguwanni irin su Birikiteri da Niyu Bel, duk Musulmin da ya sa riga da hula Bahaushe ne a bakin mutane, ko Bafulatani ne ko Babarbare. A wasu ofisoshi kuma da an ji Hausa sai tunani ya tafi Nijeriya. Rikicin iyaka ya ƙara wa abin zafi. Bayan hukuncin kotun duniya na 10 ga Oktoba 2002, an miƙa wa Kamaru ƙauyuka da dama a yankin Darak na tafkin Chadi a ƙarshen 2003, masunta da 'yan kasuwa da yawa masu jin Hausa suka kwana a wata ƙasa suka tashi a wata, ba tare da sun ɗaga ƙafa ba.

Shekarun ƙunci da farfaɗowa

Daga tsakiyar shekarun 1980 tattalin arziki ya karye, aka shiga tsuke bakin aljihu, aka karya darajar sefa a Janairun 1994. Karatun manya yana cikin abubuwan da aka fara yadawa. Waɗanda suka riƙe shi a arewa su ne masu bukatarsa a aikinsu. Kamfanin auduga na Sodecoton, wanda aka kafa a 1974 da hedikwata a Garwa, ya ga cewa ƙungiyoyin manoma ba za su iya riƙe awo da lissafin bashin taki ba sai da masu karatu a cikinsu, don haka aka koyar da manoma karatu da lissafi da Fulatanci. Coci-coci da ƙungiyoyin raya harsuna su ma sun yi nasu. Masana a jami'ar Yawunde, Maurice Tadadjeu yana kan gaba, sun fitar da haruffan bai ɗaya na harsunan Kamaru a 1979, suka kuma gwada fara koyarwa da harshen uwa kafin a shiga na hukuma. Abin da Zariya ta gane a shekarun 1950, shi aka dawo aka tabbatar a nan.

Tsarin mulki na 1996 ya ajiye Faransanci da Ingilishi a matsayi ɗaya, ya kuma yi alkawarin kare harsunan gida da raya su. A 2005 gwamnati ta sake ƙaddamar da shirin koyar da manya na ƙasa baki ɗaya, daga baya aikin ya koma hannun ma'aikatar ilimin firamare, wadda take kula da cibiyoyin karatun manya. A sama kuma an sami jami'ar Ngaundere a 1993, ta Marwa a 2008, ta Garwa a 2022. Yau a gida ɗaya za ka tarar da jika mai digiri da kaka mai dangwala yatsa, suna cin tuwo a kwano ɗaya.

Ingilishi da sababbin baƙi

Ingilishi ya daɗe yana zaman harshen hukuma a takarda kawai a nan arewa, amma abin yana canzawa. Gwamnati tana da shirin koyar da manya harsunan hukuma biyu, mai cibiyoyi a manyan birane har da Garwa, kuma dokar Disamba 2019 ta bai wa kowa haƙƙin a saurare shi a ofishin gwamnati da wanda ya zaɓa a cikin biyun. Mu da kasuwarmu take kallon Yola da Mubi da Kano, Ingilishi jari ne a hannunmu.

Rikicin Boko Haram kuma ya kawo baƙi na gaske. A 2013 aka buɗe sansanin Minawawo kusa da Mokolo, inda dubun dubatar 'yan gudun hijira daga Nijeriya suke zaune, yaransu suna karatu a tsarin Ingilishi, Hausa kuma tana cikin harsunan da ke haɗa su da juna. Wasu sun watsu cikin garuruwa, suna fama da Faransanci da Fulatanci da takardun zama a lokaci guda. Halin da suke ciki ya yi kama da na baƙi a ko'ina. A Amurka, gidan Hull House da Jane Addams ta buɗe a Shikago a 1889 ya shahara da azuzuwan dare na Ingilishi da shirya baƙi zama 'yan ƙasa, dokar 1906 kuma ta sa jin Ingilishi ya zama sharaɗi. Jamus ta wajabta wa baƙi da yawa darussan harshe da sanin ƙasa tun 2005. Bambancinmu da su shi ne, a can mutum ne yake ƙetare iyaka ya tarar da sabon harshe, a nan kuwa sau da yawa iyakar ce da harshen suka zo suka same mu a gida.

Abin da ya rage a hannunmu

Tarihin nan ya nuna abu uku. Babba yana saurin koyo idan aka fara masa da harshensa, sannan a ɗora na hukuma a kai. Karatu yana zama ne idan yana da aikin yi washegari, kamar lissafin shago, ko karanta takardar asibiti, ko saƙon waya, ko cike takardar makarantar yaro. Kuma duk shirin da bai shiga cikin gida ya sami mata ba, rabin al'umma ya bari a waje, alhali uwa ce ta fi kowa sanin ranar da aka haifi kowane yaro.

Kayan aikin suna nan a unguwanninmu. Muna da zauruka da makarantun Islamiyya na dare waɗanda matan aure suke cikawa, muna da 'ya'ya da suka gama jami'a suna zaune, muna da sarakunan Hausawa da limamai da ake jin maganarsu. Awa ɗaya bayan isha'i, kwana uku a mako, a fara da bokon Hausa ko na Fulatanci, wanda ya iya ajami a gina masa a kan abin da ya sani, a bi da Faransancin ofis da na asibiti, mai bukatar Ingilishi a ƙara masa. Ranar suna kuma, kafin a raba goro, wani dattijo ya tambayi uban jariri ko an je ofishin magajin gari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma wannan jinkar ba ta fi ƙarfin unguwa ɗaya ba.

Masu dattawa a gida, a zauna da su a tambaye su ko sun zauna a makarantar ƙarƙashin bishiya, a wace unguwa, wa ya koyar da su, da wane littafi. A rubuta abin da suka faɗa a ajiye, domin wannan ɓangare na tarihin Garwa yana cikin ƙirjinsu ne, kuma kullum raguwa suke yi. Allah Ya ji ƙan magabatanmu, Ya ƙara mana ilimi mai amfani.